Jagora ga Mai Raka Baƙi Farautar Gadu a Dazuzzukan Arewacin Kamaru

Da zarar damina ta ɗauke kuma ciyawa ta bushe a tsakanin Garwa da Ngaundere, masu sansanonin farauta kan fara neman ma'aikata: direbobi, masu dafa abinci, masu fiɗa, tafintoci da masu bin sawu. Samarinmu Hausawa da dama sukan sami gurbi a cikin wannan aiki saboda sun iya Faransanci da Fillanci, kuma wasunsu sun taso a gidajen maharba, amma akasarinsu suna shiga daji ne ba tare da wani ya zaunar da su ya bayyana musu yadda aikin yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe ba. Na zaɓi gadu, wanda manya suke sakaya sunansa da mugun dawa, domin shi ne dabbar da ake fara gwada sabon ɗan rakiya a kanta, kuma shi ne wanda aka fi rainawa alhali ya fi dabbobi da yawa wahalar kusanta.

Ka fara sanin inda baƙon ya fito

Yawancin baƙin da ke sauka a Garwa sun saba da wata irin farauta dabam. A ƙasashen Turai akwai aladen daji mai duhun gashi wanda ba mu da shi a nan, kodayake ana samunsa a duwatsun Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma da yawa daga cikin masu zuwa mana sun koyi harbinsa ne a gandayen da aka kewaye da shingen waya, kamar na yankin Solonye a Faransa, da na Hangari, da gonakin farauta na Tekzas a Amurka. A irin waɗannan wurare mai gandu ya san adadin dabbobinsa, yana zuba musu masara a wuri guda, baƙo kuma yakan hau wata rumfar katako mai tsawo ya jira, ko kuma a tsayar da maharba a jere yayin da masu kora da karnuka suke tayar da aladun su nufo su a guje. Yawan shingayen ya kai ga Faransa ta yi doka a shekarar 2023 wadda ta taƙaita tsayinsu a mita ɗaya da santimita 20, ta kuma ce a bar gibin santimita 30 daga ƙasa domin dabbobi su riƙa wucewa.

A wurinmu babu shinge. Yankunan farauta da hukuma take kira ZIC, waɗanda sun haura ashirin a Jihar Arewa, sun kewaye gandayen daji uku na ƙasa ne, wato Binuwai da Faro da Buba Njida, kuma iyakokinsu koguna ne da hanyoyin mota da duwatsu. Dabbar da ka tayar tana iya tsallaka mayo, wato kogi da Fillanci, ta shiga yankin wani ko ta faɗa cikin gandun da aka haramta harbi a cikinsa, kuma daga nan magana ta ƙare. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka fahimtar da baƙo, cikin ladabi kuma tun a daren farko, cewa babu wanda ya ajiye masa gadu a wani lungu, cewa za a yi tafiyar ƙasa mai tsawo, kuma cewa ana iya wuni a dawo hannu biyu. Baƙon da aka gaya wa wannan tun da wuri yakan yi haƙuri, wanda kuwa aka ruɗa da alkawari shi ne zai matsa maka ka bar shi ya harbi abin da bai kamata ba.

Takardu

Ma'aikatar gandun daji da namun dawa, wadda aka fi sani da MINFOF, ita ce take ba da hayar yankunan ga jagororin farauta masu lasisi, ita take yanke adadin dabbobin da za a kashe a kowane yanki a kowace shekara, kuma ita take sanar da ranar buɗe farauta da ranar rufewa, wanda a nan arewa yakan faɗo a cikin rani. Doka ta kasa namun daji gida uku: na rukunin A ba a taɓa su sam, na rukunin B sai da lasisi, na rukunin C kuma ana farautarsu bisa ƙa'ida. Kafin ka hau mota, ka tabbata daga bakin jagoran cewa baƙon yana da lasisin farauta a kan sunansa, da takardar izinin shigo da bindigarsa, kuma cewa gadu yana cikin abin da aka yarje wa yankin a bana. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya, domin idan jandarmomi ko masu gadin daji suka tare mota aka sami matsala, baƙo yana da ofishin jakadanci da zai kira, kai kuwa ba ka da shi.

Akwai abubuwan da doka ta hana ƙarara, kuma ya kamata ka haddace su: harbi daga cikin mota ko korar dabba da ita, farautar dare da fitila, amfani da guba ko abin fashewa, da kewaye dabbobi da wuta. Ƙonar ciyawa da masu sansani suke yi a farkon rani domin daji ya buɗe kuma sabon toho ya fito, wannan gyaran wuri ne, ba a haɗa shi da harbi.

Maganar addini, a gama ta kafin a fita

Gadu dangin alade ne, kuma Musulmi ba ya cin namansa. Abin da yakan kawo saɓani a sansani shi ne ɗaukar gawa da fiɗa, saboda haka kada ka bari sai dabba ta faɗi, ana tsaye a kanta cikin rana, sannan ka fara bayanin abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba. Ka je wurin malaminka tun kafin ka karɓi aikin, ka tambaye shi hukuncin rakiyar da na ladan da za ka karɓa, sannan ka gaya wa maigidan sansani iyakarka a fili. A yawancin sansanoni akwai ma'aikatan da ba Musulmi ba waɗanda suke ɗauka su fiɗe, kuma naman yakan tafi gare su da ƙauyukan da ke maƙwabtaka masu ci. Ka nemi a ware wuƙaƙe da tukwanen da ake aikin gadu da su, ka kuma sanar da jagora lokutan sallarka domin a tsara hutu a kansu.

Sanin dabbar

Gadu da rana yake kiwo, saɓanin aladen Turai da ya fi fita da dare, kuma wannan bambanci kaɗai yakan rikita baƙo. Yana kwana a rami, galibi ramin da dabgi ya tona ya bari, kuma da baya yake shiga domin haurensa ya fuskanci bakin ramin. A cikin hunturu ba ya sammako, yakan jira rana ta ɗan yi zafi kafin ya fito, saboda haka asubancin da ake yi wa ɓauna ba shi da amfani a kansa. Yana durƙusawa a kan gwiwoyin gaba ya ci gajeriyar ciyawa, da rani kuma ya tone saiwoyi da hancinsa a fadamu da wuraren da aka ƙone. Idan rana ta take, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a ƙasar Garwa, yakan nufi kududdufi ya sha ruwa ya yi birgima a taɓo, sannan ya goga jikinsa a gindin itace ko a jikin suri. Idonsa ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinsa da kunnensa ba sa kuskure, kuma idan ya tsorata ya ɗaga wutsiya sama ya zura, gudunsa yakan kusa kilomita 50 a awa.

Babban namiji yakan wuce kilo 100, mace kuwa ba ta kai haka ba. Alamar da ba ta ruɗi ita ce ƙululun fuska: namiji yana da manya biyu a ƙarƙashin idanu da wasu biyu a ƙasa kusa da haure, mace kuwa na ƙarƙashin ido kawai ake gani a fuskarta, su ma ƙanana. Kada ka dogara da tsawon haure, domin akwai tsofaffin mata masu dogon haure siriri wanda ya lanƙwashe ciki, kuma sun sha ruɗar idon sabon shiga.

Jajibirin fita

Da baƙo ya huta, a kai shi ya gwada bindigarsa a kan allo daga nisan mita 100, domin jijjigar jirgi da ta hanyar Cholire ko Poli takan karkatar da madubin saiti. A nan ne kai ma za ka karanci mutumin: ko yana rufe ido lokacin da ya ja kunama, ko yana gaggawa, ko yana juya bakin bindiga wajen mutane idan yana magana. Ka sa ya yi harbi a tsaye a kan sanduna uku da ake ɗora bindiga, saboda wanda ya saba da rumfa mai kujera sau da yawa bai taɓa harbi a haka ba. Ku kuma yi yarjejeniya a kan alamun hannu na tsayawa, durƙusawa da matsowa, domin idan an kusanci dabba babu sauran magana.

Kayanka ba su da yawa: ruwa isasshe, wuƙa, ashana, takalmi mai taushin ƙasa, da ɗan ƙunshin toka a cikin tsumma mai ƙananan huji. Ka sa tufafi masu launin ƙasa, ka guji baƙi da shuɗi domin tsando yana bin su, kuma inda gadu ya yi yawa a bakin rafi a nan tsando yake taruwa tun da jininsa yana cikin abincin da ya fi so. Turare da sabulu mai ƙamshi da taba duk a bar su a sansani.

Iska da sawu

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ake gane ɗan rakiya na gaske. Mota takan tafi a hankali a kan hanyoyin cikin yanki har a ga sabon sawu ko a hango dabba daga nesa, sai a wuce wurin kaɗan a tsaya, a sauka ba tare da buga ƙofa ba. Abu na farko da za ka yi idan ƙafarka ta taɓa ƙasa shi ne ka kaɗa ƙunshin toka ka ga inda ƙurar ta nufa. Dole iska ta riƙa bugun fuskarka ko kuncinka, kuma idan ka ji sanyinta a ƙeyarka to ka tsayar da kowa, ku ja da baya ku yi zagaye, ko da zagayen zai ci rabin awa. A cikin hunturu iskar arewa maso gabas takan tsaya a hanya ɗaya da safe, abin da ke sauƙaƙa aiki, amma daga hantsi zuwa azahar takan fara juyawa a cikin kwaruruka da bakin mayo, saboda haka tokar ba sau ɗaya ake kaɗa ta ba, a kowane taku ashirin ko talatin ake maimaitawa.

Sawun gadu kofato biyu ne masu dakusasshen baki, sun fi na mariya faɗi da gajarta, kuma a cikin laka akan ga alamar ƙananan kofato biyu na baya. Sabon sawu gefensa a tsaye yake, ba ƙura a cikinsa, tsohon kuwa iska ta rushe bakinsa ko tururuwa da tsuntsaye sun taka a kansa. Ka duba kashi ka ga ko da sauran danshi, ka duba inda ya tona ko ƙasar da ya juyo ba ta bushe ba tukuna, ka duba taɓon da ya goga a jikin itace, domin tsayin taɓon yana gaya maka girman dabbar kafin ka gan ta. Sawu ɗaya babba da yake tafiya shi kaɗai shi ake nema, saboda tsohon namiji ba ya zama cikin garke sai lokacin barbara. Idan ka ga manya da ƙanana a haɗe to uwa ce da 'ya'yanta, ka bar su ka nemi wani.

A tafiya kai ne gaba, jagora yana bayanka, baƙo yana bayansa, kuma bindigar baƙo tana kulle, bakinta sama ko gefe. Toka da busasshen ganye na dajin da aka ƙone suna da ƙara, don haka a taka inda na gaba ya taka. Idan an hango gadu yana kiwo a durƙushe, ana matsawa ne kawai lokacin da kansa yake ƙasa, da ya ɗago kuwa kowa ya daskare a yadda yake, ko da ƙafa ɗaya tana sama, domin motsi yake gani ba siffa ba. Ka lura da abokan zamansa: gwaggon biri, mariya da zabin daji sun fi shi ido, kuma kukan ɗayansu ya isa ya watsa aikin awa biyu. Na taɓa ɓata wa wani baƙo wuni guda saboda na zuba ido a kan gadu na manta da birin da ke kan maɗaci a gefenmu, kuma tun daga ranar nake duba sama kafin in duba gaba.

Idan zafi ya yi tsanani, hanya ta biyu ita ce kwanto a bakin ruwa. A zaɓi wuri a ƙarƙashin iska, mita 60 zuwa 80 daga kududdufin, a yi ɗan shinge da rassan itace, a zauna tun kafin azahar. Wannan ya fi dacewa da dattijon baƙo ko wanda ba ya jure tafiya.

Zaɓe da harbi

Hukuncin harbi na jagora ne, amma idonka yake dogara da shi, saboda haka kada ka ce namiji ne sai ka ga ƙululu huɗu da idonka. Kamfanonin farauta kan caji ninki biyu a kan mace, kuma ko ba don kuɗi ba, macen da aka kashe da rani tana iya barin 'ya'ya a rami. Wanda ake so shi ne tsoho mai kaurin haure a gindi, mai zubabben gashin wuya, wanda ya riga ya yi zamaninsa na haihuwa. Idan kana shakka ka ce kana shakka, baƙo zai yi fushi na minti biyar ne kawai.

A kusanta zuwa mita 50 ko 80 idan hali ya yi, ka kafa sanduna, ka matsa gefe ka toshe kunne amma idonka yana kan dabbar. Zuciyar gadu tana ƙasa kuma tana gaba, fiye da inda baƙi suke zato, don haka a jira ya ba da gefe, a bi layin ƙafar gaba zuwa sama a tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki. Ba a harbin kai domin ana lalata haure kuma ƙwaƙwalwar ƙarama ce, ba a harbin wanda yake gudu, ba a kuma harbi idan akwai wata dabba a bayansa. A ƙara tabbatar da abin da ke can gaba, saboda makiyaya da masu haƙar zinariya suna ratsa waɗannan yankuna, kuma harsashin babbar bindiga yana tafiyar kilomita da dama.

Bin jini

Ko an sami zuciya, gadu yakan zura da gudu na ɗan nisa kafin ya faɗi, don haka ka riƙe wurin da yake tsaye lokacin harbi da wurin da ka daina ganinsa, ka sa alama a duka biyun. A jira kamar minti goma sha biyar kafin a bi. Jini ja mai haske da kumfa na huhu ne, dabbar tana kusa. Jini mai duhu na hanta ne, a ƙara jira. Idan kuwa ka ga ɗanyar ciyawa da ruwan tumbi a cikin jinin, harsashi ya faɗa ciki, kuma gaggawa za ta sa ya yi ta gudu har ya shige rami. Dabbar da aka yi wa rauni ana lissafa ta kamar wadda aka kashe, baƙo zai biya kuɗinta ko an same ta ko ba a same ta ba, kuma ɓoye ɗigon jini domin a faranta masa cin amana ne ga hukuma da ga dabbar da aka bari tana wahala.

Hatsarin gadu yana cikin ƙananan haurensa na ƙasa, waɗanda suke gogar na sama kullum har su yi kaifi kamar aska, kuma daidai cinya da ƙwauri suke kamawa. Idan sawun jini ya shiga rami, kada kowa ya tsaya a gaban bakin ramin ko ya leƙa, domin da kai yake fitowa kuma da ƙarfin gaske. A tsaya a sama ta bayan ramin, jagora ne kaɗai zai yanke yadda za a yi. Wanda aka tarar a kwance a zo masa ta baya, a taɓa idonsa da doguwar sanda, idan ya ƙifta a ƙara masa harsashi.

Bayan ya faɗi

A cire harsashi daga bindiga kafin a fara gaisawa da ɗaukar hoto. A rubuta dabbar a takardar baƙo a ranar, da jinsinta da wurin da aka harbe ta, domin da wannan rubutu ake biyan harajin kisa, kuma da shi ake fitar da takardar shaidar asali wadda haure ba ya barin ƙasa sai da ita. Masu fiɗa su buɗe ciki da wuri saboda zafi, su sa safar hannu, kuma duk mai ci ya dafa naman ya nuna sosai domin yakan ɗauki tsutsar da ke kama mutum. Gadu yana ɗauke da ƙwayar zazzabin aladu na Afirka ba tare da ya yi ciwo ba, kaskar da ke zaune a raminsa ma tana ɗauke da ita, kuma cutar, wadda ta shigo Kamaru a 1982, ba ta kama mutum amma tana share garken aladun gida. Saboda haka kayan ciki a binne su a daji, a kuma gargaɗi ƙauyen da aka kai wa nama kada su zuba ragowarsa ga aladunsu.

Haure ba a fizgarsa kuma ba a sare shi, domin wani babban sashe nasa yana binne a cikin ƙashi. Ana dafa kan a cikin ruwa har nama ya saki, a bar shi ya huce a cikin ruwan, sannan a murɗa kowane haure a hankali ya fito. A wanke ramin cikinsa, a shanya a inuwa, a narka kyandir a cika ramin, saboda busasshiyar iskar hunturu tana tsaga haure cikin 'yan kwanaki idan aka bar shi fanko. A ɗaure huɗun wuri guda da alama mai sunan baƙo da lambar lasisinsa, a miƙa wa jagora hannu da hannu a gaban baƙon.